Baba Mai Inji Ba Ya Iya Tambayar Kuɗinsa

Ina da injin niƙa a Kanya Babba, cikin ƙasar Babura, kuma ina da wani ciwo da ba a kai shi asibiti: ba na iya buɗe baki in tambayi kuɗina. Kowane ɗan halak yakan ji nauyin bin bashi, amma nawa ya wuce nauyi. In na hango wanda nake bi yana tahowa, ni ne mai sauya hanya. In muka yi kiciɓis babu makawa, ni ne mai sunkuyar da kai, in yi ta jero gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, yaya ruwa, yaya jikin tsohuwa, don kada a samu ɗan sararin da zai zaci zancen kuɗi zan ɗauko. Shi ya ci dukiyata, ni nake jin kunyarsa.

Wanda bai taɓa riƙe inji ba zai ce ai niƙa kuɗi hannu ne. Haka ya kamata a ce. Sai dai matan aure ba sa fitowa, yara suke aikowa, yaro kuwa sau da yawa saƙo yake riƙowa maimakon kuɗi. Da hantsi za ka ga kwanuka da robobi sun yi layi a bakin rumfa, wani an ɗaure bakinsa da tsumma, wani an kife masa faifai. Wannan surfen gero ne na fura, wancan dawa ce ta tuwon dare, ga jiƙaƙƙen wake yana jiran markaɗe. Yarinya 'yar ficiciya za ta dire nata, ta gyara ɗan hijabinta, ta ɗaga murya sama da rugugin inji: "Baba, in ji Innarmu a niƙa, an jima za ta aiko." Akwai an jimar da aka yi mini alkawari tun mai kawo saƙon tana wasan 'yar tsana, yau ita ma tana ɗakin miji, tana aiko tata 'yar da saƙo iri ɗaya. Duk lokacin da aka karanta labarin Manzo Bitrus a majami'a, mutumin da ya zare takobi a gaban masu makamai amma a daren nan wata baranya ta tsare shi da tambaya ya rikice, sauran jama'a sukan girgiza kai don mamaki. Ni ba na mamaki. Na san abin da yarinya ƙarama ke iya yi wa ƙaton namiji.

Na yaran nan ma ba su ne suka karya ni ba. Masu ƙaramin ƙarfi su suka fi biya. Tsohuwa mai ƙosai, da ta sauke kasko za ta ƙulle kuɗin markaɗe a leda ta aiko, har da gyaran ƙosai biyu. Waɗanda suka gama da ni manya ne masu babbar riga. Mai aurar da 'ya ya kawo buhuna ya ce sai bayan biki. Mai turke raguna ya kwashe dusa ya ce sai bayan Layya. Manomi ya ce sai kaka; kaka ta zo ya ce bai sayar da riɗi ba tukuna; ya sayar, ya ce zoɓo bai yi kuɗi a Maigatari ba bana. Amsata kullum ɗaya ce: "Haba, ba komai, Allah ya kai mu." Wani lokacin tun mutum bai gama shirya ƙaryarsa ba nake tarar numfashinsa in ƙarasa masa ita, don kada ya wahala.

Da raunin ya tsaya a rauni, da da sauƙi. Abin da ya sa nake wa kaina wannan tonon silili shi ne, na ɗinka masa riga daga Littafi Mai Tsarki, na yi shekaru ina taƙama da ita a gari.

Ni Kirista ne, kuma Bahaushe gaba da baya, abin da har yau wasu 'yan birni ke ji kamar almara. Mahaifina cikin Maguzawan ƙasar Roni aka haife shi, yana cikin yaran da suka shiga makarantar kwana da Turawan mishan na SIM suka buɗe a Roni. Can ya koyi karatu, can ya karɓi Almasihu, ya tsufa cikin ekklisiyar ECWA, wadda aka kafa a 1954 daga majami'un da mishan ɗin ta dasa. Har ya koma ga Mahalicci tsohuwar fassarar nan ta 1932 yake karantawa, wadda Likita Mila na Zariya ya ja gaba wajen aikinta. Sababbin, a cewarsa, ba su ji gishiri ba. Ya sha zaunar da mu ya ce: "Ku kaɗan ne, ido yana kanku. In ɗan maƙwabci ya yi faɗa a kasuwa, za a ce wane ya yi faɗa. In ɗayanku ya yi, za a ce Kirista ya yi faɗa." Wannan na haddace shi tsaf. Abin da na ƙi koya shi ne yadda tsohon ke karɓar nasa. In yana bin mutum, da sassafe zai ɗauki buzunsa ya je ƙofar gidan, ya yi sallama, ya shimfiɗa, ya faɗi abin da ya kawo shi a fili ba zagi ba ɗaga murya, kuma ba zai naɗe buzun ba sai an sa rana a gaban shaida. Ba wanda ya taɓa cewa Kirista ya yi faɗa. Rabin karatun na ɗauko, na bar rabin mai wuya a Roni.

A Kanya Babba mu masu zuwa sujada ran Lahadi ba mu da yawa: 'yan gidajen da suka daɗe, sai waɗanda aikin koyarwa ko na lafiya ya kawo, sai 'yan bautar ƙasa da kan zo su shekara su wuce. Ban taɓa ganin wulaƙanci a wurin maƙwabtana ba. Naman Layya yakan cika mana gida, mu ma da Kirsimeti shinkafarmu takan zaga unguwa. Amma akwai wata magana da ake yi a kaina wadda ba na gajiya da jin ta: "Ai Baba mai inji mutumin kirki ne, salla kawai ta rage masa." Na san akwai abin dubawa a cikin maganar, amma da na ji ta sai kaina ya kumbura. Na gaya wa kaina shaida nake bayarwa. A gaskiya yabo nake saye, da man gas nake biya.

Uwargida ta riga ni ganewa. 'Yar Zumuntar Mata ce tun tana amarya, matan Zumunta kuwa, duk wanda ya zauna da su ya sani, ba a kayar da su da aya. Duk ranar da ta tambayi kuɗin cefane na shiga kame-kame, sai in jawo mata misalin nan na Matiyu sura 18, na bawan da sarki ya yafe wa bashi mai ɗimbin yawa, shi kuma ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa a kan 'yan kuɗi kaɗan. In ce mata, so kike in zama shi? Ran nan ta bar ni har na kai aya, sannan ta ajiye muciya ta ce:

"Baban yara, shi bawan nan faɗuwa ya yi ƙasa ya roƙa, sarki kuma ya buɗe baki ya ce ya yafe. Kai wa ya roƙe ka? Wa kuma ka taɓa ce wa ka yafe masa? Matsa gaba zuwa sura 25 ka karanta mana na wanda aka damƙa wa dukiya, tsoro ya sa ya tona rami ya binne. Shi ma ya fi ka, ya san inda ya ajiye tasa."

Na ce mata har yanzu dai ECWA ba ta fara naɗa mata fasto ba. Ta ce kunyar mara kunya asara ce, wannan ba sai an naɗa ta za ta faɗa ba.

Inda ta taɓo mini ciwo shi ne zancen buɗe baki. Wanda ya yafe da gaske barcinsa yake yi. Ni kuwa da dare, in kunnuwana sun daina amsa kuwwar inji, sai in kwanta rigingine in buɗe littafin da ke cikin kaina, don a lokacin ba ni da na takarda. Ina ganin rubutawa ma rashin yarda da mutane ne. Wane buhu kaza, wane dusa tiya kaza, wane tun bikin 'yarsa ta fari. In wanda nake bi ya sayi sabon babur ya zo wucewa har da danna mini hon, sai in ɗaga masa hannu ina washe baki, raina kuwa yana tafarfasa. Ran Jibin Ubangiji, da an ce kowa ya binciki zuciyarsa, in na leƙa tawa ba na tarar da komai sai sunayen mutane da lissafi. Ban karɓa ba, ban yafe ba, na dai riƙe su a wuya ba tare da sun sani ba.

Muddin man gas yana da sauƙi, wannan wauta tana da wurin ɓuya. A 2022 kuɗinsa ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan watanni. Kafin mu farfaɗo, Babban Banki a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, farkon 2023 tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. A kwanakin nan ko mai niyyar biya ba shi da abin biya. Wa zai yi tiransifa saboda niƙan kwano ɗaya, ga sabis yana zuwa yana ɗaukewa? Wasu masu inji suka koma karɓar hatsi, a ɗebi gwangwani daga kowace tiya. Ni na ce a bari sai kuɗi sun dawo. Kuɗi suka dawo gari, ba su biyo ta rumfata ba. Ran 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya tafi, kuɗin motar zuwa Kano sayo bel da kayan gyara ya tashi. Ƙarshen Yuli sojoji suka kifar da Bazoum a Nijar, aka rufe iyaka, mu da muke baki da hanci da ita kasuwa ta yi mana sanyi. Kowa ya samu uzurin gaske, har waɗanda na da ɗinsu na ƙarya ne. Wata safiya haƙoran inji suka cinye, gari yana fitowa tsaki-tsaki, ba ni da na gyara, ba ni da na mai. Da kuɗin adashin uwargida aka tashe shi, kuma ba sai na faɗi irin kallon da ya rako kuɗin ba.

Nan na koma ga Ubangiji gadan-gadan. Na ɗauki azumi. Da asuba, in ladan ya kira, ni ma in tashi in durƙusa in kama sunaye ɗaya bayan ɗaya: ya Ubangiji, ka taɓa zuciyar wane, ka hana wane barci sai ya tuna, wane kuma ka sa matarsa ta yi masa magana. Har unguwa da adadin buhu nake faɗa, kada a samu kuskure. Wato dai, Allah ya gafarta mini, aikensa nake yi gidajen da ni ke tsoron yin sallama. Cikin makon kuwa sai ga mutum ɗaya ya zo ya biya. Ran Lahadi na miƙe a sujada na ba da shaida har murya na rawa, aka yi ta amin. Daga baya na ji ashe uwargida ce ta tare matarsa a gidan suna.

Fastonmu yaro ne a kaina, amma ba shi da nauyin baki. Da na kai masa kuka ina neman ya sa ni a addu'a, ya saurara har na gama, sannan ya ce: "Baba, zan yi. Amma me za mu roƙa? In kuɗin ne, Allah ya riga ya ba ka, suna aljihun mutane, ka kuma san gidajensu." Ya tuna mini da Musa a littafin Fitowa, yadda ya yi ta kawo uzurin nauyin harshe. Allah bai ce masa to zauna in je maka ba. Ya haɗa shi da Haruna, amma fadar Fir'auna dai da ƙafarsa ya taka ta. Na ce na ji, na gode. Na fito ina cewa a raina, yaran yanzu da an maƙala musu kwala sai su manta da girma.

Abin da ya karya mini taurin kai ba a majami'a ya faru ba. Wani dattijo maƙwabcina ya rasu, mutumin da muka yi zaman mutunci, wanda kuma nake bi kuɗin niƙan bikin 'ya'yansa. Na je ƙofar gida na tsaya daga gefe kamar yadda na saba, ana shirin sallar gawa. Kafin a tayar, wani ya ɗaga murya ya yi sanarwar da aka saba yi a jana'iza: duk wanda yake bin marigayi bashi ya zo ya sanar da magada, ko ya yafe. Babban ɗansa ya waiwayo, idonsa ya faɗa cikin nawa. Na san ya san wani abu. Na duƙa ina gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Aka sallace shi, aka kai shi makwancinsa, na yi ta'aziyya na koma gida ina jin na yi abin kirki, na rufa wa mamaci asiri.

Bayan sadakar uku, malamin unguwarmu ya zo rumfa. Ya jira na kashe inji, ya zauna a benci bai ko kaɗe garin da ke kai ba. Shekara da shekaru muna gaisawa, bai taɓa ɗauko mini zancen addini ba. Ya ce:

"Baba mai inji, tambaya na zo yi. Kana bin marigayi ko ba ka bin sa?"

Na fara, "Ai Malam, ba komai..."

"Ba komai ba amsa ba ce. In ka yafe, ka ce ka yafe mu shaida. In ba ka yafe ba, ka faɗi nawa ne a cire kafin a raba gado. Amma ka bar bawan Allah a rataye, wannan ba kirki ba ne. A wurinmu bashi ba ya mutuwa da mai shi. An taɓa kawo wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, gawar wanda ake bi, bai sallace ta ba sai da wani sahabi ya ɗauki nauyin biya."

Ya ƙara mini da cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Yana faɗa ina tuna wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon, inda ya ɗauki bashin bawan da ya gudu ya ɗora wa kansa, ya kuma rubuta da hannunsa cewa shi zai biya. Ashe duk littattafan biyu babu wanda ya san da wannan "ba komai" tawa. Na faɗi adadin, murya na karkarwa kamar ni ake bi. Washegari ɗan ya kawo kuɗin cif, ya durƙusa ya ce: "Baba, Allah ya saka da alheri, ka sauke wa babanmu kaya." Ban taɓa jin an gode wa mutum don ya tambayi haƙƙinsa ba sai ranar.

Da na zauna na yi wa kaina hisabi, sai na ga wani abin da ya fi tsoron muni. Duk shekarun nan zato nake in na tambaya za a ce Kiristan nan ya fara ɗaga kai, zumunci ya yanke. Mutanen da ke aiko mini da cinyar rago, waɗanda suka yi jinyar ɗana tare da ni, ashe a can ƙasan zuciyata na ɗauka ƙaunarsu ba ta kai kuɗin niƙan buhu ɗaya ba. Mummunan zato nake musu, ina kiransa tawali'u.

Kada mai karatu ya zaci daga ranar na warke. Na dai sayi littafi mai bango, na rubuta sunaye, na zaɓi mai raguna in fara da shi. A ƙofar gidansa na tsaya na yi addu'a, na yi sallama. Ya fito da fara'a, ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka damo fura mai sanyi da nono. Kafin in kai ludayi na uku ya soma ba ni labarin katangar da ruwa ya rusa, da ƙanwarsa da ke kwance a Kano ba shi da na motar zuwa dubiya. Da na dawo gida uwargida ta ce, "Nawa ya bayar?" Na ce mun dai fahimci juna. Ta ce, "Nawa ka bayar?" Na wuce ɗaki.

Abin da ya sauya shi ne addu'ata. Na daina kai wa Ubangiji jerin sunaye. Yanzu abu ɗaya nake roƙo in zan fita: ya riƙe mini harshe na tsawon magana guda. Bulus ma ya roƙa sau uku a cire masa wata ƙaya da ke jikinsa, ba a cire ba, aka nuna masa alherin da yake da shi ya ishe shi. Ni ma ban ga alamar za a cire tawa ba. Har gobe in na tsaya a ƙofar mutum gwiwata takan yi sanyi, tafin hannu ya jiƙe. Ƙarfin da nake samu bai taɓa wuce na ƙofa ɗaya ba, amma na ƙofa ɗayan yana zuwa. Na kuma koyi dabara: da an amsa gaisuwa ta biyu nake faɗin abin da ya kawo ni, tun fura ba ta iso ba, don in ta iso an gama da ni. Wasu sun biya. Wasu sun sa rana. Wani ya yi fushi ya koma wani injin, inda na ji yana biya kuɗi hannu ba gardama. Naman Layya bai fasa zuwa ba. Waɗanda kuma na san ba su da shi, gwauruwa mai marayu, tsoho mara mataimaki, nakan taka har gida in faɗa da bakina cewa na yafe, in dawo in ja layi a kan sunan. Wannan ma, abin mamaki, sai da na roƙi ƙarfin yinsa, don yafewa a fili tana nufin na daina lissafin dare, ni kuwa ashe na saba da shi har ina jin daɗinsa.

Haruna kuma an ba ni, sai dai mace ce: 'yar autata, wadda ta kwaso halin kakanta kaf. In ta taso makaranta sai ta zauna a bakin rumfa da littafin a cinya. Da an ce "in ji Innarmu," za ta yi murmushi ta ce, "Ki gaida Inna, ki ce na shekaranjiya tukuna." Ba ta ɗaga murya, ba ta kuma ɗaga kwano. Ni sai in duƙa bayan inji ina ɗaure bel ɗin da ba abin da ya same shi. Ban ɓoye ba, akwai ranakun da nakan raɗa wa yaro ya dawo in ta tafi koyon waƙa a majami'a, har ta kai yaran unguwa sun fi 'yan mawaƙa sanin ranakun koyon waƙa.

Bana ta samu gurbi a kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, za ta karanci aikin akanta. Ban taɓa ganin unguwa ta taya mutum murna irin wannan ba. Mai raguna da kansa ya zo yi mini barka, ya zaro kuɗi ya ba ta na mota, ya tambayi ranar tafiya, ya kuma tambaya cikin kulawa ko hutunsu yana da tsawo. Da ya fita, yarinyar ta buɗe littafi ta cire abin da ya ba ta daga bashinsa. Uwargida kuma ta riga ta sa an gyara mata kujera 'yar tsugunno, ta ce daga ranar da yarinya ta tafi ita za ta riƙa zama a bakin rumfa. Mai raguna bai ji wannan labarin ba tukuna, ni kuma na kasa gaya masa.